Mai Lamba Sha Huɗu

Ranar da Galih ya fara ganin Kinanthi, a ɓoye ya same ta. Lif ɗin ofis ne ya ƙi zuwa, shi kuma yana sauri, sai ya tura ƙofar matattakala a hawa na ashirin da uku. Ga budurwa zaune a ƙasa, ta tuɓe takalminta mai tsini ta ajiye gefe, ta baje ganyen ayaba a cinya tana kai loma da hannu.

Tana ganinsa ta naɗe ganyen ta tura bayanta kamar wadda aka kama da kayan sata.

"Ci abinki mana," ya ce. "Ni ba mai gadi ba ne."

"Na ƙoshi, Mas," ta ce, yadda ake kiran namiji cikin girmamawa.

"Wace irin ƙoshi, ga shinkafa a leɓenki? Megono ne ko, mahaɗin shinkafar nan na Pekalongan? Wallahi tun daga bakin ƙofa ƙamshin ya tare ni."

Ta share baki da sauri, kunya kamar ta nutse. Shi kuwa gogan naku ya manta da saurin da yake yi, ya zauna a matakin da ke ƙasa da nata ya miƙa hannu. Dole ta raba masa.

"Sabuwa ce ke. Me ya hana ki sauka cin abinci da sauran?"

"Ba na son hayaniya."

Ƙarya ce. Tsoron gidan abincin da ke ƙasan benen take yi, inda ake jera wa mutum cokula uku a gabansa ana jiran a ga wanne zai ɗauka.

Ni na san Kinan tun tana yawo ba takalmi a lungunmu na Pekalongan, don haka ba jita-jita nake kawo muku ba. Kamfanin da ya ɗauke ta a Jakarta irin wanda ake haya ne ya shiga masana'antar mutane, ya leƙa ko'ina, ya dawo ya faɗa wa mai ita inda take yoyo. Yara ne sabbin fita jami'a, ba wanda ya taɓa sayar da ko allura, amma sai ka ga tsohon ɗan kasuwa mai furfura ya nutsu yana sauraronsu. Duk wata shida a zauna a auna ka: ko ka hau, ko a nuna maka ƙofa cikin ladabi. Kuma ba aikinka kaɗai ake dubawa ba, har da yadda kake zama a gaban masu kuɗi.

A walimar tarbar sababbi ne abin ya faru. Bu Widuri, shugabar sashensu, mace mai murya ƙasa-ƙasa wadda kowa ke shakka, ta juyo ta ce, "Ke fa, Kinanthi, me mahaifinki yake yi?"

"Yana harkar batik a Pekalongan, Bu."

"A'a! Ashe 'yar masu masana'anta muka samu."

Aka yi dariya, aka ɗaga kofuna. Kinan ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ce za ta gyara zancen, ba ta faɗa ba. Mahaifinta Pak Sarwi harkar batik yake yi, wato yadi mai zanen ado da ake rinawa, gaskiya ne. Shekara talatin da ɗaya yana tsaye a bakin kwamin rini a masana'antar Haji Dimyati, lebura ne, da ladan nan ya kai ta jami'a.

To, so dai bai san da wannan ba, ya ci gaba da aikinsa. Matattakalar nan ta zama wurin cin abincinsu. Shi zai kawo soyayyen tempe na waken suya, ita ta kawo shinkafa. Idan aiki ya raba su, waya ta haɗa.

"Gimbiyar Jadawali, kin ci abinci ko har yanzu kina kokawa da lambobi?"

"Ina kokawa, Mas. Su suke cin nasara."

"Ki faɗa musu kina da mai tsaya miki. Shekararsa uku a kamfanin nan, ya san makwancinsu."

"Mai tsaya minin da ya cinye mini rabin abinci jiya?"

"Sadaki nake ragewa a hankali. Kada ki ce ban faɗa miki ba, Dik."

Ta karanta saƙon sau huɗu. Tun daga ranar bai ƙara kiranta da cikakken suna ba, sai Dik, yadda saurayi ke kiran wadda ya zaɓa.

Wata bakwai ana haka, sai ran wata Litinin Bu Widuri ta kira su biyu ofishinta.

"Sabon aiki ya shigo, mako shida. Masana'antar batik ce a Pekalongan, ta wani Haji Dimyati. Ɗansa ya karɓi ragama, yana so a rage ɓarna. Kinanthi, garinku ne, kin san harkar tun daga gida, shi ya sa na zaɓe ki."



Akwai fom da kowa ke cikawa kafin ya shiga kowane aiki. Tambaya ta huɗu tana cewa: kana da ɗan'uwa na jini da ke aiki a kamfanin da za a bincika? Da ta ce e, da an cire ta a saka wani, shi ke nan, ba wanda zai ƙara tayar da zancen. Amma akwai layi a ƙasa inda ake rubuta sunan ɗan'uwan da matsayinsa. Ta daɗe tana kallon layin nan. Sai ta sa alama a kan a'a, ta sa hannu.

Ranar da suka isa, Zulfan ɗan Haji Dimyati ne ya zagaya da su. Ya san Kinan sarai, aji ɗaya suka yi a sakandare, amma da ya ga ta gaishe shi kamar baƙo sai ya ɗaga gira ya yi shiru, yana wani murmushi. Suka wuce ɗakin mata masu zana ado a yadi da narkakken kakin zuma, suka wuce masu buga hatimi, suka fito fili inda kwamin rini suke.

Pak Sarwi yana tsaye da tsohuwar singileti, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu. Ya ɗago. Ya ga 'yarsa cikin kwat, da katin kamfani a wuya, tana riƙe da kwamfuta a ƙirji.

Ta san ya gan ta. Ya san ta gan shi.

Tsohon ya goge hannu a jikin wando, ya ɗan rusuna, ya ce, "Sannu da zuwa, Pak. Sannu da zuwa, Bu."

Bu. Uban da ya goya ta a kan keke zuwa makaranta ne yake rusuna mata yana kiranta da sunan manyan mata. Kuma wallahi yarinyar nan ta gyaɗa kai ta ce, "Yauwa, Pak," ta wuce. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, ko da yake na san ƙarshen labarin.

Aikinsu a mako biyun farko shi ne awon lokaci. Kowane ma'aikaci a ba shi lamba, a bi shi da agogo da takarda daga safe zuwa yamma, a rubuta duk motsin da ya yi. Wanda ke ƙara wa kaya daraja a sa masa kore, wanda ba ya ƙarawa a sa masa ja. Kinan ta yi wuf ta ɗauki ɗakin mata. Filin rini ya faɗa hannun Galih, Pak Sarwi ya zama mai lamba sha huɗu.

Da yamma a ɗakin taron otel, Galih ya baje takardunsa yana dariya.

"Ku zo ku ga abin mamaki. Mai lamba sha huɗun nan, kashi ɗaya cikin ukun yininsa kallon sama yake yi. Zai ajiye komai ya fita fili, ya ɗaga kai, ya tsaya minti goma. Ya dawo, ya taɓa ruwa, ya sake fita. Ni na raɗa masa suna Ministan Gajimare."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Har Bu Widuri sai da ta murmusa. Galih ya juyo ya dubi Kinan, yana jiran tata dariyar don ita ce ta fi masa daɗi.

Ta yi. Ta yi dariyar.

Ta tashi ta shiga banɗaki ta kulle, ta buɗe famfo don kada a ji ta. Tun tana 'yar shekara shida ta san abin da mahaifinta ke nema a sama. Irin rinin da suke yi sai rana ta taɓa shi launin ke fitowa. Idan ka tsoma yadi, hadari ya rufe rana a tsakiyar shanya, kayan sun dabbare, sai asara. Shi ya sa yake karanta sama kafin ya haɗa ruwa. Ta sani, amma in ta faɗa za a ce, ke ina kika sani haka?

Mako uku tana garin tana kwana a otel, tafiyar minti ashirin da gidansu. Ran Lahadi ta ce wa Galih za ta gaida wata ƙawa. Tana fitowa sai ga motar Zulfan ta tsaya a gabanta.

"Shigo in kai ki gida, 'yar masu masana'anta."

Ta shiga, don tana tsoron abin da zai faɗa a bakin otel in ta ƙi. Ba ta lura da Galih ba, yana tsaye a bayan gilashi da kofin shayi a hannu.

A hanya Zulfan ya ce, "Na ga daftarin rahotonku. Mutum tara za a sallama, na farko mai lamba sha huɗu. Kinan, tun muna makaranta nake sonki, kin sani. Surukin gidanmu ba ya cikin jerin sallama. Kuma bakina a rufe yake, mutanenki na Jakarta ba za su ji komai ba."

"Sauke ni a nan."

"Ki yi tunani dai."

A gida mahaifiyarta, wadda duk lungun ke kira Mak Tumirah, ko kallonta ba ta yi ba, ta ci gaba da tsince shinkafa.

"Baƙuwa muka yi? Bari in shimfiɗa tabarmar baƙi."

"Mak, don Allah."

"Don Allah me? Ubanki ya dawo ran nan ya ƙi cin abinci. Na ce lafiya, ya ce lafiya lau, ya ga 'yarsa ta yi kyau cikin kwat."

Pak Sarwi ya fito daga ɗaki ya ce, "Bar ta, Tumirah. Aiki ne. Zauna, Nduk 'yata, kin rame." Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Wayarta ta yi ƙara, saƙon Galih ne.

"Ƙawar taki tana da gemu da farar mota. Ban sani ba."

"Mas, ba abin da kake zato ba ne."

"To mene ne? Wata huɗu ina roƙonki ki kai ni in gaida iyayenki. Muna garinku mako uku, ko unguwarku ba ki nuna mini ba. Idan ban kai matsayin shiga gidan masu masana'anta ba, ki faɗa mini. Ubana malamin firamare ne, ban taɓa ɓoye miki ba."

Ta rubuta amsa ta goge, ta rubuta ta goge. Ba ta aika komai ba.

Mako guda suka yi ba mai yi wa wani magana sai ta aiki. Ita aka ba haɗa shafukan rahoto. Da hannunta ta gyara shafi na talatin da ɗaya, ta daidaita jan layin da ke gaban lamba sha huɗu, ta ƙara girman rubutun da ke cewa a sallama.

Shi kuwa Galih da ya rasa abokiyar cin abinci sai ya koma filin rini yana zama da leburori. Pak Sarwi yakan zuba masa shayi a murfin filas. Wata rana Galih ya kasa haƙuri ya ce, "Pak, wai me kake kallo a sama?"

Tsohon ya yi dariya. "Kwana goma kana bi na da agogo, sai yau ka tambaya? Zo gidana ran Lahadi, in nuna maka abin da hadari ke yi wa yadi. Ina da guntaye na ajiye."

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Lahadi da hantsi Galih ya shigo lungunmu yana tambayar gidan Pak Sarwi, da ledar lemo a hannu. Ni da kaina na nuna masa ƙofar. Ya yi sallama, ya ɗaga labule, sai ga Kinan a tsakar gida da tsohon zane a ƙirji, durƙushe a gaban baho tana wanke singiletin mahaifinta.

Ledar ta kuɓuce masa, lemo ya warwatse.

"Dik?"

Ba ta iya ɗagowa ba.

Ya dubi bango, ga hotonta na gama jami'a, tsohon yana gefenta cikin rigar aro. Ya dubi Pak Sarwi. Sai duk abin da ya faɗa a ɗakin taron otel ya dawo masa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Kin bar ni na yi wa mahaifinki suna," ya ce a hankali. "A gabanki. Kuma kin yi dariya."

"Na yi," ta ce, hawaye na ɗiga cikin kumfa. "Na yi, Mas."

Galih ya durƙusa a gaban tsohon ya kama hannunsa ya kai goshi. Ya faɗa masa komai, sunan da ya raɗa masa, da jan layin, da shafi na talatin da ɗaya. Pak Sarwi ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ministan Gajimare. Ai ka ƙara mini girma, ko shugaban sashe ban taɓa zama ba." Ya tashi ya ɗauko guntayen yadin ya nuna masa, kamar yadda ya yi alkawari.

Wataƙila kunya ce ta ingiza yaron, wataƙila tsoron kada ya rasa ta. Kafin ya tafi sai ya sake durƙusawa.

"Pak, ina son Kinanthi. Ina neman izini in turo iyayena."

Mak Tumirah ta leƙo daga kicin. Tsohon ya dube shi.

"A'a," ya ce.

"Saboda rahoton ne, Pak? Zan gyara, wallahi zan..."

"Ba ruwana da rahotonka. An ba ka agogo ka auna abin da ka gani. Kai yaron kirki ne, na zauna da kai. Amma wata nawa kuna tare, 'yata ba ta iya faɗa maka ko ita 'yar waye ba? Mijin da mace ke jin kunyar nuna masa gidansu, har ta mutu, a ɗarare za ta zauna a gidansa. Ba zan kai ta inda za ta riƙa ɓoye mu a bayan ƙofa ba. Ba don mu ba, don ita. Abin yana da nauyi."

Kinan tana jin kowace kalma daga bakin baho.

Saura kwana uku a gabatar da rahoto. Galih ya shiga rumbun masana'anta ya tono littafin yadin da suka lalace na shekara biyu, ya haɗa da ranakun da Pak Sarwi bai zo aiki ba. Ɓarnar ta ninka sau uku duk ranar da ba ya nan. Ya kai wa Bu Widuri.

"Ka yi ƙoƙari," ta ce. "Amma rahoto ya riga ya je hannun Pak Zulfan, ya amince. Ba ma canza shafi saura kwana biyu saboda tsoho ya ba ka shayi. Mu sa a rataye a ƙarshe."

Kowa a aikin nan ya san ba mai karanta abin da aka rataya a ƙarshe.

Da yammar jajiberin taron ya aika mata saƙo.

"Na gwada, ban ci nasara ba. Ki yafe mini. Ban faɗa wa kowa sirrinki ba, kuma ba zan faɗa ba. Naki ne."

"Mas, in na yi magana za su kore ni. Na sa hannu a fom."

"Na sani, Dik. Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba. Ko wanne kika zaɓa ina sonki. Amma na gaji da ganinki a ɓoye."

An yi taron a babban ɗakin masana'anta, ƙarfe goma na safe. Haji Dimyati da ɗansa a gaba, Bu Widuri a tsaye tana bayani, shugabannin sashe da tsofaffin ma'aikata a kan benci a baya. Pak Sarwi ya sa rigarsa ta zuwa masallaci. Aikin Kinan shi ne danna kwamfuta, shafi ya wuce.

Ashirin da tara. Talatin.

"Na gaba," in ji Bu Widuri.

Allon bai motsa ba.

"Kinanthi, na gaba."

Ta miƙe tsaye. Ta dafa tebur.

"Bu, kafin shafin nan ya fito ina da magana. Na yi ƙarya a fom ɗin shiga aikin nan. Mai lamba sha huɗu sunansa Sarwi. Ga shi can a benci na biyu, da farar hula. Mahaifina ne."

Kowa ya waiwaya ya dubi bencin.

"Ba mu da masana'anta. Lebura ne, shi ya biya mini makaranta. Abin da muka sa wa ja a takarda shi ne aikin nasa. Rinin nan sai da rana yake kamawa, shi yake duba ko za ta tsaya. Na san haka tun ranar farko na yi shiru, aka yi masa dariya na taya. Ba don ya ci gaba da aiki nake faɗa ba, wannan ku duba lambobin Mas Galih ku yanke. Ina faɗa ne don mako shida ina wuce shi kamar ban san shi ba."

Ta juya ta dubi benci na biyu, ta kira shi yadda take kiransa a gida.

"Bapak."

Tsohon bai ɗago ba. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na girgiza.

Zulfan ya buɗe baki zai yi magana, sai Haji Dimyati ya ɗaga masa hannu. "Sarwi ne za ku sallama? Kai, Zulfan, ka karanta sunayen kuwa, ko lambobi kawai ka gani?"

Bu Widuri ta rufe fayil ɗinta ta ce a huta minti goma sha biyar. A waje ta dubi Kinan sama da ƙasa.

"Jirgin ƙarfe biyu za ki bi zuwa Jakarta. Kin zubar mana da mutunci a gaban mai aiki, kuma za ki amsa tambaya a kan fom ɗin nan." Ta yi taku biyu ta tsaya. "Da kin faɗa tun ranar walima, ba wanda zai ce miki komai."

"Na sani, Bu. Yanzu na sani."

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya tafi daidai ba. An ba Kinan takardar gargaɗi, an hana ta ƙarin girma shekara guda, wata biyu tana zaune a ofis ba a sa ta a kowane aiki ba, mutane na wuce teburinta suna kau da kai. An turo wani ya sake duba rahoton. Pak Sarwi ya tsira, har aka ba shi mutum biyu ya koya musu. Amma cikin taran nan, biyar sun tafi, biyu ma 'yan lungunmu ne, kuma har yau matan gidajensu ba sa amsa gaisuwar Galih da daɗin rai.

Mako uku bayan taron, saƙo ya shigo wayar Galih daga lambar da bai sani ba.

"Assalamu alaikum. Sarwi ne. Tumirah ta ce a tambaye ka iyayenka suna cin yaji ko a rage. Ran Lahadi ta sama."

Ya tura wa Kinan hoton saƙon, ya rubuta a ƙasa: "Gimbiya, me wannan ke nufi?"

"Yana nufin ka sayi sabuwar riga, Mas. Kuma kada ka zo da agogo."

A lungunmu aka yi bikin, bayan ƙaramar Sallah. Aka tare hanya da rumfa, aka jera kujerun roba. Kinan da kanta ta rubuta adireshin a katin gayyata, har da kwatance: bayan kasuwar kifi, kusa da mai faci. Mutum goma sha ɗaya suka zo daga ofis. Bu Widuri ta ɗage zanenta ta tsallake kwata, ta zauna ta ci abinci da hannu, ta nemi ƙari.

Bayan ɗaurin aure aka zo wurin neman gafarar iyaye. Aka zaunar da su a kujeru, ango da amarya suka taho a kan gwiwa. Kinan ta kifa fuska a cinyar mahaifinta, duk kwalliyar da aka ɓata awa uku ana yi ta tafi a banza.

"Bapak, ka yafe mini. Na ji kunyarka, alhali ni ce abar kunya."

Ina kusa, na ji abin da ya ce mata. Ya sunkuyo ya dafa kanta.

"Ni ma ki yafe mini, Nduk. Kina zaton don in rufa miki asiri na rusuna miki ran nan? Tsoro na ji. Na ji tsoron in kira sunanki a gaban mutane ki ƙi amsawa. Da haka ta faru, ban san yadda zan ƙara zuwa aiki ba."

Ta ƙanƙame gwiwoyinsa tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Mak Tumirah na share hawaye tana faɗa, wai za a lalata kayan haya. Galih yana durƙushe a gefe, shi ma idonsa ya yi ja.

Tsohon ya kamo hannunsa ya ɗora a kan nata.

"Ga ta nan, da ita da mu duka. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu albarka. Ku kawo mini su tun suna ƙanana, su san hanyar gidan nan da ƙafarsu."

Muka ce amin, duk lungun gaba ɗaya.